Sandar tuƙin jirgin sararin samaniya a kwamfuta: tambayoyin da ƴan Maraɗi suka fi yi mini

Tun da aka san ina da sandar tuƙi a ɗaki, da wuya mu zauna fada mu tashi ba a jawo maganarta ba. Wani yana son ya saya, wani ya saya ta ƙi yi masa aiki, wani kuma so yake ya ji ko da gaske ne mutum yana zaune a Ali Ɗan Sofo zai tuƙa jirgi ya sauka a tashar da ke kewaya wata tauraruwa. Sandar nan ita ce abin da masu shago ke kira joyistik. Na tattara tambayoyin da suka fi yawa, na amsa su da idon mutumin da ke wasa a nan, inda ƙura take, inda kuran yake ɗaukewa, inda kuma in kaya ya lalace babu ofishin kamfanin da za ka mayar masa.

Ina da manet, ina da linzami da allon rubutu. Dole ne sai na sayi sanda?

Ba dole ba ne, kuma kada ka fara da saye. Ka yi sati biyu kana wasan da abin da ke hannunka. Wasan Elite Dangerous yana tafiya lafiya lau da manet, abin riƙon nan na hannu biyu irin na PlayStation. A Star Citizen akwai gwanayen harbi da yawa da linzami suke auna abokin gaba. Kerbal Space Program kuwa yawancin aikinsa haɗa roka ne da lissafin kewaye, allon rubutu ya wadatar. In bayan sati biyu ka ji har yanzu zuciyarka tana wajen tuƙin, to lokacin ne maganar sanda ta taso.

Abin da sanda ke ba ka shi ne awo. Maɓallin allon rubutu abu biyu ya sani, ko an danna ko ba a danna ba. Ɗan sandan manet yana da awo, amma tafiyarsa gajera ce, babban yatsa kaɗai ke juya shi. Ita sanda tafin hannu ne gaba ɗaya ke riƙe da ita, kana iya karkata ta kaɗan kamar mai zuba shayi a kofi na ƙarshe, jirgin ya bi ka daidai gwargwado.

Mene ne bambancin tuƙin jirgin sararin samaniya da na jirgin sama?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara da ita, don daga amsarta ake gane irin sandar da za a saya. Jirgin sama iska ce ke ɗauke da shi, dole ya riƙa tafiya gaba. A sararin samaniya babu iska, jirgi yana da motsi iri shida. Uku na juyawa ne: ya ɗaga hanci ko ya sunkuyar, ya waiwaya dama ko hagu, ya mirgina. Uku kuma na gusawa ne ba tare da ya juya ba: gaba da baya, sama da ƙasa, sai zamewa gefe irin tafiyar ƙaguwa.

Sanda guda mai murɗawa tana ɗaukar ukun farko. Sauran ukun sai an nema musu wuri, kuma wurinsu hannun hagu ne. Haka abin yake a jiragen gaske. Kumbon Apollo na Amurka yana da mariƙi na juyawa da wani daban na gusawa, Soyuz na Rasha ma mariƙi biyu gare shi.

Akwai kuma dokar da Isaac Newton ya rubuta tun 1687: abin da ke tafiya ba ya tsayawa sai an tare shi. Babur in ka saki totur ya rage gudu, jirgi a can ko ka kashe inji haka zai ci gaba. Wasanni da yawa suna ɓoye wannan da wani mataimakin tuƙi mai taka maka birki a ɓoye. Ranar da ka kashe mataimakin nan a Elite, za ka gane dalilin da ya sa ake damuwa da hannun hagu.

Ina ganin ana rubuta HOTAS da HOSAS. Me suke nufi?

HOTAS sanda ce a hannun dama, totur a hannun hagu, kamar a jirgin yaƙi. Totur ɗin wani mariƙi ne da ake turawa gaba a ƙara gudu, a jawo baya a rage, kuma inda ka bar shi nan yake tsayawa. HOSAS kuwa sanda biyu ce, ta dama tana juya jirgi, ta hagu tana gusa shi.

Ga doguwar tafiya, fatauci tsakanin tashoshi da yawon ganin taurari a Elite, totur ya fi daɗi, don hannu yana hutawa. Ga faɗa a kusa da kusa da sauka a matsattsen wuri, musamman a Star Citizen, sanda biyu ta fi. In har kana son ka riƙa taɓa wasannin jirgin sama irin su Microsoft Flight Simulator, ɗauki totur. Akwai hanya ta uku da ba a cika faɗa ba, ita ce sanda a hagu, linzami a dama. Ba ta da kyan gani a hoto, amma tana aiki, kuma sanda ɗaya kawai za ka biya.

To wacce zan fara saye?

Kafin suna, duba abin da ke cikinta. Sanda tana gane inda ka karkata ta ne ta ɗayan hanya biyu. Ta farko irin abin ƙara muryar tsohuwar rediyo ce: ɗan ƙarfe yana gogar wani zirin gawayi. Duk wanda ya taɓa murɗa rediyo ya ji tana ƙarar ƙarr-ƙarr ya san ƙarshen wannan gugar. Zirin yana cinyewa, ƙura tana shiga tsakani, sai jirgi ya fara rawa shi kaɗai. Ta biyu maganaɗisu ne da ɗan ma'auni a gefensa, ba sa taɓa juna. A kwali za ka ga an rubuta Hall, sunan Edwin Hall ne, Ba'amurken da ya gano wannan dabara a 1879. Abin da ba ya guga ba ya cinyewa, ƙura kuma ba ta tare maganaɗisu. A garin da hunturu ke shigo mana da gari har cikin akwati, wannan bambancin ya fi yawan maɓallai da fitilu masu launi muhimmanci nesa ba kusa ba.

Shi ya sa ga mai farawa nake nuna Thrustmaster T.16000M. Motsinta na gaba da baya da na dama da hagu duk na maganaɗisu ne. Maɓallai 16 gare ta, 12 daga ciki a gindi suke, kuma ana iya juya ta ta zama ta hannun hagu, wato in ka ƙara ta biyu daga baya ka samu HOSAS. Tana da aibi guda da masu amfani da ita a ko'ina suka sani: murɗawarta har yanzu irin ta rediyo ce, kuma nan ne take fara ciwo. Ana gyarawa, zan zo kan wannan.

Logitech Extreme 3D Pro ta fi araha, maɓallai 12, ta hannun dama ce kawai, kuma cikinta duk mai guga ne. Ta daɗe a kasuwa, mutane da yawa da ita suka koya. Da babu gara ba daɗi, in ita aljihu ya kai, saya ka lulluɓe ta da kyau. T.Flight Hotas ita ce mafi sauƙin kuɗi cikin masu zuwa da totur, amma ita ma mai guga ce.

Sandunan kamfanonin VKB da Virpil fa, da ake ta yabo?

Yabon gaskiya ne. VKB Gladiator NXT EVO ma'auninta ba ya guga, ana canza mata sifirin, ana kwance ta da sukundireba a sa wani ɓangare. Virpil ta fi ta tsada, da ƙarfe a gindi. In kana da hali kuma ka shekara kana wasa, ba ka yi asara ba. Sai dai ka tuna kafin ta iso Maraɗi akwai kuɗin jirgi da na duwan, kuma in wani abu ya karye, sassanta ma daga waje za su zo.

Wadda nake hana mai wasan sararin samaniya saye ba tare da tunani ba ita ce Thrustmaster Warthog. Ƙarfe ce mai nauyi, kwafin sandar jirgin yaƙin A-10C, amma ba ta murɗawa. Sai ka ƙara sayen feda ta ƙafa kafin ka samu motsi na uku.

A ina ake samunta, kuma nawa?

Ba kaya ba ne da za ka ratsa Babbar Kasuwa ka tarar an jera. Yawanci sai an yi saƙo: ɗan'uwa mai dawowa daga Faransa, ɗan kasuwa mai zuwa Dubai ko Sin, ko a sa wani ya duba a Yamai ko Kano. Farashi yana motsi, don haka ga hanyar lissafi. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, ba ya canzawa. Abin yuro 100 ya zama jika 65 da ɗoriya tun bai baro can ba. Ɗora ladan mai kawowa, sannan ka yanke shawara.

In za ka yi saƙo, aika hoton kwalin da cikakken sunan, har da haruffan ƙarshe. T.Flight Hotas 4 ta PlayStation ce da kwamfuta, T.Flight Hotas One ta Xbox ce da kwamfuta, a ido kuwa kamar tagwaye suke.

An yi mini tayin ta hannu. Me zan duba?

Kada ka biya sai an jona ta a gabanka. Ni wannan darasin da kuɗina na saye shi. Sandata ta farko ta hannu ce, mai ita ya ce sau biyu kawai aka taɓa ta, na ga jikinta fes na amince. Da dare na doshi ƙofar tasha a Elite da kaya cike da jirgi, hannuna bai motsa ba, sai ga hancin jirgin yana zamewa hagu a hankali har na daki bango. Da na buɗe ta washegari, ƙura ce ja ta yi dam a ciki.

Gwajin ba ya cin minti biyar. A Windows danna maɓallin Windows tare da R, rubuta joy.cpl, zaɓi sandar ka buɗe shafin gwajinta. Za ka ga ɗan kuros a cikin akwati. Ɗauke hannunka: ya kamata ya tsaya cak a tsakiya. Zagaya da sandar a hankali: ya bi ka sumul, ya kai kusurwa huɗu, ba tsalle. Murɗa ta dama da hagu sau goma kana kallon layin, don nan ne ciwo ke ɓuya. Danna kowane maɓalli ka ga lambarsa ta kama. A ƙarshe lanƙwasa wayar a inda ta shiga gindi, in sandar ta ɓace daga allo ta dawo, wayar ta kusa tsinkewa.

Jirgina yana juyawa shi kaɗai. Ta mutu ke nan?

Sau da yawa ba ta mutu ba. Cire ta ka sake jonawa hannunka ba ya kanta, don wasu suna ɗaukar inda suka tsinci kansu a matsayin tsakiya. In bai daina ba, shiga saitin wasan ka ɗan faɗaɗa mataccen fili, wato ɗan wurin da ke tsakiya wanda wasa ba ya jin motsin cikinsa. Ƙara shi kaɗan-kaɗan har rawar ta tsaya, ka dakata nan. In ka cika shi, ka kashe awon da ka sayi sandar dominsa.

In abin ya wuce haka sai buɗewa. Ana fesa wa abin gugar maganin wanke kayan lantarki, irin wanda masu gyaran salula ke amfani da shi, a murɗa sau da yawa, a bari ya bushe. Kada a sa man inji, kada a sa fetur, kada a sa man kwance tsatsa, suna jawo ƙura kuma wasu suna cin roba. Ɗauki hoto da wayarka a kowane mataki kafin ka cire noti. Wayoyin cikin mariƙin sirara ne kamar zaren ɗinki, in ɗaya ta tsinke mai gyaran salula zai kama maka ita da dalma.

Yaya zan kare ta daga ƙura da zafi?

Rigar filo ta isa. Da ka gama wasa ka zura mata, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu. Wurin da ƙura ke bi shi ne wuyanta, inda sanda ta haɗu da gindi, ka riƙa share shi da busasshen burushin haƙori. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, kada ka bar ta kusa da taga ko a ɗakin kwano a rufe da rana tsaka. Robar da aka shafa wa wasu mariƙai tana yin danƙo da zafi da gumi, in ta fara kama hannu ba ta komawa daidai. Wanke hannu bayan cin ƙuli-ƙuli ko tsire, mai da yaji suna sauka cikin maɓallai.

Ɗaukewar kuran tana lalata ta?

Ita sandar volt 5 kawai take sha daga ramin USB, haɗarin yana kan kwamfutar. Lokacin da wuta ta dawo da ƙarfi, ko aka juya zuwa gurup, shi ne abin tsoro. Mai kwamfutar tebur ya nemi ondulair, akwatin batirin nan mai riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke, mai ta tafi-da-gidanka kuwa batirinta yana riƙe ta.

Wani abu da ke rikita mutane: sanduna masu fitilu da yawa, irin Logitech X56, in ramin USB bai ba su isasshiyar wuta ba sai maɓallai su riƙa danna kansu. Jona sanda da totur a ramuka daban na bayan kwamfuta, ko ka sayi marabar USB mai nata caja.

Tana zamewa a kan tebur in faɗa ya yi zafi. Dabara?

Wannan ƙaramar magana ce da ke canza tuƙi fiye da sayen sabuwar sanda. Ni na kai wa wani dattijon kafinta a unguwarmu, na ce, “Baba, katako nake so a yanka mini daidai gindin wannan, da ɗan bango ta kowane gefe.” Ya juya ta a hannu, ya karkata ta, ya sake ta ta koma tsakiya, ya ce, “Ɗana, ai wannan giyar mota ce aka yi wa hula.” Ya yi mini akwatin da take zama ciki daram, na ɗaure shi a tebur da matsi biyu na kafintoci. Tun ranar ban sake bin ta da hannun hagu ina tarewa ba.

Tsayi ma abin dubawa ne. In tebur ya yi sama, kafaɗa ce ke ɗagawa, bayan awa ɗaya wuya ya ƙage. Gwiwar hannu ta kwanta kusa da jiki, sandar tana wajen tsayin cibiya. Mai walda zai iya yi maka ɗan marfi a jikin kujera da ragowar ƙarfe.

Yaya zan raba ayyuka a kan maɓallai?

Abin da kake bukata cikin gaggawa, kamar harbi, zaɓen abokin gaba, ƙarin gudu da raba wutar jirgi, ya zauna ƙarƙashin yatsu. Abin da ake yi sau ɗaya a tafiya, kamar sauke ƙafafun jirgi ko buɗe taswira, ya koma gindi ko allon rubutu. Ɗan maɓallin nan mai motsi ta kowane gefe a saman mariƙi, in sanda ɗaya gare ka, ba shi aikin zamewa sama da ƙasa da gefe. In maɓallai sun yi kaɗan, ware ɗaya ya zama na riƙewa, duk wanda ka danna tare da shi ya yi aiki na biyu.

A Elite jirgi yana da nauyin waiwaya, ya fi saurin mirginawa da ɗaga hanci. Don haka gwanaye sukan mirgina har abokin gaba ya koma samansu, sannan su ja sanda. Ka kuma bar totur cikin shuɗin zirin da ke gefen ma'aunin gudu, nan jirgi ya fi juyawa.

Da ka gama saiti, kwafe shi a filashi. Na Elite yana cikin AppData, Local, Frontier Developments, Elite Dangerous, Options, Bindings. Aikin dare biyu ne ke iya ɓacewa ranar da aka sake wa kwamfuta Windows.

Na sayi sanda amma tuƙina ya ƙara lalacewa. Haka ake yi?

Haka ake yi, kowa ya bi ta nan. Hannu ya saba da wani abu, sai ya yi kwanaki kafin ya saki. Yawancin sababbi damƙe sandar suke kamar taɓarya, alhali riƙon alƙalami take so. Koyi da sauka, kada ka fara da faɗa. Ɗauki Sidewinder, ƙaramin jirgin da ake farawa da shi a Elite, ka nemi izinin sauka da ka shigo cikin kilomita 7,5 daga tasha, ka rage gudu ƙasa da mita 100 a daƙiƙa, ka daidaita mirginawarka da juyawar tashar, ka bi gefen korayen fitilu. Shiga ka fita sau goma kowane dare har sati guda. Kuma kada ka fita da babban jirgi in ba ka da kuɗin inshorarsa a ajiye, kashi 5 cikin ɗari ne na darajarsa, in babu su jirgin ya tafi.

Wane wasa ne zai yi da intanet ɗinmu da kwamfutocinmu?

Elite Dangerous, wanda kamfanin Frontier na Ingila ya fitar a 2014, ba ya cin kwamfuta sosai, amma yana son intanet ko da kai kaɗai kake wasa. Star Citizen tun 2012 ake tara masa kuɗi ana gina shi, har yau bai kammala ba, yana son ƙwaƙwalwar giga 16 aƙalla da wurin ajiya mai yawa, ga sabuntawa masu cinye forfe. Ban cika tura mai farawa can ba. X4: Foundations na 2018 da Kerbal ba sa bukatar layi in an riga an sauke su. Ga mai tsohuwar kwamfuta akwai Oolite, kyauta ne, an gina shi a kan salon Elite na farko da David Braben da Ian Bell suka yi a 1984. Orbiter ma kyauta ne, ga mai son lissafin gaske na tashi daga Duniya zuwa Wata.

Ni bahago ne.

T.16000M tana zuwa da sassan juyawa a kwalinta, minti kaɗan ne da sukundireba. VKB da Virpil suna sayar da mariƙin hagu daban.

Ɗana ya dame ni in saya masa. Ba ɓata lokaci ba ne?

Hajiya, ya danganta da wasan da kuma iyakar da aka sa masa. Yaron da ya zauna da Kerbal zai gane da hannunsa dalilin da ya sa tauraron ɗan'adam ba ya faɗowa, abin da zai tarar a darasin fizik a lise. Zai kuma tsinci Turanci ko Faransanci a hanya. Amma wasannin da ake yi da mutane a intanet suna da hira da baƙi, wannan sai da idon babba. Ki fara sa shi ya yi wata guda da allon rubutu, in ya ɗore sannan a yi saƙon sanda mai sauƙin kuɗi.

Ki kuma san wannan don lokacin salla: Kerbal da X4 ana tsayar da su a tashi, Elite ba a tsayar da shi, duniyarsa tana tafiya ko yana nan ko ba ya nan. Ki ce masa in an kusa kiran Magariba kada ya ɗauki sabon aiki, ya nemi tasha mafi kusa ya sauka, ya fita daga wasan, ya zura wa sandar rigarta.